Wankin da Ba a Rubuta Ba

Mai alƙalami, rubuta yadda na faɗa, kada ka gyara mini baki. Sunana Asabe, 'yar maƙeri kuma matar maƙeri. Ban shiga ajin boko ba, allon ma ban yi nisa ba aka ɗora ni a kan zugazugi, don ubana bai haifi namiji ba, wuta kuwa ba ta jiran a haifa mata ɗa. Amma akwai abin da na sani game da ƙarfe wanda wani mai littafi ya yi wata biyu yana aunawa bai same shi ba. Shi zan faɗa, da abin da ya ci mini.

Yadda muka bar gida ba abin tsayawa ba ne. Fari ya yi shekara biyu a ƙasar Katsina, wanda kuwa ba shi da gero a rumbu ba ya sayen awarwaro. Mijina maƙerin farfaru ne, mai aikin tagulla da azurfa. Yana raye ban taɓa kiran sunansa ba, Malam nake ce masa. Yanzu da ƙasa ta rufe shi sai in faɗa don a rubuta: Ilu. Ya ɗaure awartaki da masaba a buhu, na ɗaure tukunya da tabarma, muka nufi Gana.

A kan iyakar Aflawo muka fara sanin cewa baƙo ba shi da baki. Ba mu da takarda, kuma ba a daɗe da korar baƙi daga ƙasar ba, kowa a tsorace yake. Wani dogo mai zaƙin Hausa ya ce zai bi da mu ta bakin teku. Muka bi shi cikin rairayi, ruwan nan da ba shi da ƙetare yana ta ruri a hagunmu. Da muka kai inda ba komawa, ya tsaya ya ce a kwance buhu. Bai taɓa tukunyata ba. Masabar ya ɗauka, wadda Malam ya gada daga kakansa, ya jijjiga ta a hannu ya ce, "Wannan ta yi maka nauyi, baba, bari in rage maka kaya." Malam ya ɗaure bakin buhunsa, muka je muka shiga mota. Ni ce na yi ta zagi, sai da wata mata ta toshe mini baki da hannu mai ƙarnin kifi.

A Akra motar ta zubar da mu a Sakul, babbar tashar nan da hanyoyi ke haɗuwa. Kwana uku muna raɓe a gindin wata matacciyar mota muna gaida duk mai hula, wasu su amsa, wasu su ƙara sauri. Ran na huɗu wani ɗan kamasho ya ga bakin awartaki ya leƙo daga buhu, ya ce akwai wani Alhaji a unguwar Mamobi mai neman maƙeri.

Alhaji Garba mai tukwane ke nan. Haifaffen zango ne, wato unguwannin baƙi Musulmi na can, fataucin goro ya kawo kakansa. Hausarsa irin ta can ce, mace da namiji duk ɗaya a bakinsa. Yana da fili a bakin babbar kwatar da ke tsakanin Nima da Mamobi, inda maza wajen goma ke narka sanholo, farin ƙarfen nan mara nauyi, suna zuba tukwane a cikin yashi. Ya kama hannun Malam ya jujjuya kamar mai sayen jaki.

"Maƙeri, ka zo gida. Ga ɗaki, ga wuta, ga gawayi. Abin da ka ƙera nawa ne, abin da aka dafa a gidana naka ne. Matanka ma ya shiga cikin mata ya huta."

Ko sunana bai tambaya ba. Ɗakin ɗan ƙurƙut ne, in Malam ya miƙe ƙafa sai ta taɓa ƙofa. Amma yana da ƙofar, kuma ba ya yoyo. Riƙe wannan da kyau, don duk labarin nan a kan ɗakin yake. A ranar ma matan gidan suka gaya mini wanda ya zauna a ciki kafin mu: wani tsohon Bazabarme ne, idonsa ya mutu, aka fitar masa da tabarma waje. A gidan Alhaji, ranar da hannunka ya daina aiki, ranar ɗaki ya daina zama naka.

Ba azurfa a wurin, ba tagulla. Abin da ake kawo wa Malam daga bola shi ne tarkacen mota, mariƙin ƙofa da kafireta, waɗanda aka yi da tutiya. Tutiya tana da nauyi, tana saurin narkewa, in ta sha wuta kuma sai ta tada wani farin hayaƙi mai ɗanɗanon tsatsa a maƙogwaro. Malam ya dinga haɗa ta da sanholo ko zai sami abin da ya yi kama da azurfa. Shekarar farko ya fara tari. Ta biyu hannunsa ya fara rawa. Mace ba ta taɓa uwar maƙera, kowa ya san wannan, amma kusurwarmu tana jikin shingen langa-langa da ya raba filin maza da ɓangaren mata, sai na riƙa riƙe masa awartaki a fakaice. Duk da haka na ga Alhaji ya fara tsayawa yana duban Malam, sannan ya dubi ƙofar ɗakinmu.

To, wata rana Malam ya zuba wani haɗi, tutiya kashi huɗu sanholo kashi ɗaya, ya buge shi fale-fale kamar faifai. Sai tsagewa yake ta gefe. Ya mayar da falle ɗaya kan wuta ya yi laushi, tari ya sarƙe shi, ya shige ɗaki ya kwanta. Ni kuma garwashin nake so in ɗora tuwo. Na sa awartaki na ɗauke abin, na kewaya bayan shinge, na rasa inda zan ajiye shi yara na yawo ba takalmi, na cilla shi cikin bokiti. Ya yi cuu.

Sai na tuna. Ƙa'idar masu zubi ce tun daga ubana: ba a sa wa zubi ruwa, a bar shi ya huce da kansa cikin toka. Na tsamo shi, sanyi ƙalau kamar kwaɗo, na soke shi a cikin zanina kada Malam ya gani. Ina cikin tuƙa tuwo na ji ɗumi a cikina. Na ce ko garwashi ne ya faɗa mini. Na laluba, ashe ƙarfen ne. Wallahi ƙarfen da na tsamo daga ruwan sanyi da hannuna, shi ne yake ɗaukar zafi da kansa kamar jikin yaro mai zazzaɓi. Na yi a'uziyya. Akwai wani kasko ba komai a ciki a gefen garwashi, na kifa fallen a bakinsa, na danne da dutsen niƙan yaji, don ko mene ne a ciki kada ya fito.

Bayan la'asar na dawo. Dutsen ya nutse cikin kaskon, ƙarfen kuma ya bi shi ƙasa, ya zama ɗan kwano sumul, ba tsaga ko ɗaya. Har ƙananan ramukan jikin dutsen sun fito a cikinsa.

Na kai wa Malam. Ya tashi zaune, ya juya shi, ya ƙwanƙwasa, ya kai shi hasken ƙofa. Rabon da in ga haƙoransa tun Aflawo. Sai na ce, "Malam, ai a ruwa na jefa shi yana da zafi."

Fuskar ta rufe. "Ke, kada in sake jin wannan. Ruwa a zubi? So kike a yi mini dariya a filin nan? Haɗina ne, da addu'ar da na tofa."

Daga ranar abin ya sami suna: wanki. "Malam, kawo in wanke masa toka." Shi ke nan, in ɗauka in kewaya.

Ban tsaya nan ba, ni ba mai tsayawa ba ce. Na riƙa yanko siraran tsinke-tsinke na ƙarfen, tsawon yatsa, in rataya a ƙusa cikin wata tsohuwar garwa, garwashi a ƙasa, in ɗaura gwangwani a gindin tsinken ina jefa tsakuwa. Abin da na gani in ƙulla shi a igiya, ƙulli babba, ƙulli ƙarami, ni kaɗai na san karatunsa. Na gane wuta biyu yake so. Ta farko mai ƙarfi, har in ka goga busasshen icce a jikinsa ya bar baƙin layi, daga nan sai ruwa, ko atishawa kada ka tsaya yi. Ta biyu kuma 'yar sanyi-sanyi. Wannan ita ta wahalar da ni, sai da ɓawon masara ya fitar da ni: in ka ɗora shi a kai ya yi ja kamar ƙosai amma bai kama ba, to wutar ta yi.

Ɓawon daga wajen Anti Dede nake samu, wata 'yar ƙabilar Ga mai sayar da dokunu, tuwon masaran nan mai tsami da suke naɗewa a ɓawo. Rumfarta na bayan gidan Alhaji, dab da kwata. Ƙatuwa ce, murya kamar ganga. Ta leƙo ta kan shinge ta ga abin da nake yi, ta ce da Hausarta ta kasuwa, "Asabi, kai kana dafa ƙarfe? Wa zai ci? Mijinka haƙori nawa?" Sai ta cillo mini ɓawo, wani lokaci da dokunu ɗaya a ciki, kamar mantuwa ta yi. Ranar da na fara cin abin nan na yi kuka don tunawa da furar gidanmu. Daga baya shi ya riƙe ni.

Maza na cewa da zafi-zafi ake bugun ƙarfe. Wannan ba ya son bugu, lallashi yake so. In na zuba tsakuwa da yawa lokaci ɗaya sai ya yi wuya a wuri guda, ya sirance nan kaɗai, ya tsinke. In kuwa 'yan kaɗan na sa na ƙyale shi, sai tsinke mai tsawon yatsa ya miƙe ya wuce kamu, ya koma kamar tsintsiya, kaurinsa ɗaya daga sama har ƙasa. Amma ba a mantawa da shi a wuta. In ya wuce daga azahar zuwa la'asar sai ya tsufa. Ka karya ka duba bakin: mai kyau lukui yake kamar tankaɗaɗɗen gari, wanda ya tsufa kuwa tsaki-tsaki kamar gishirin kasuwa, kuma ba zai sake miƙewa ba ko za ka yi masa kuka.

Zan ba Malam haƙƙinsa. Hannun da ke rawa a kan ƙarfe ba ya rawa a kan yumɓu. Ya sassaƙa mazubai masu zanen dagi da tauraro da jinjirin wata, irin zanen da ba a taɓa gani a zango ba. Mu shimfiɗa falle a kan mazubi, mu ɗora jakar yashi mai zafi, mu riƙa ƙara dutse ɗaya bayan ɗaya, carbi zagaye uku tsakanin dutse da dutse. Ƙarfen ya sauka a hankali ya shige kowane lungu na zanen. Murafen kwano muke yi da farantan goro, na jere kawai, don in an ɗora a wuta sai su lotse. Amaren Nima suka haukace a kansu. A Kasuwar Malam Atta ba sa kai azahar. Alhaji ya saya wa Malam hula jar dara, ya koma kiransa Sarkin Maƙera, ya daina duban ƙofarmu.

Na ce, "Malam, abin nan shi ke riƙe mana ɗaki. Kada ka ba kowa."

Shekara biyu muka yi haka. Sai tarin ya fara zuwa da jini, Alhaji kuma ya gani a ƙasa. Bai yi mako ba ya zo da wani siriri mai tabarau daga unguwar Kokomlemle, malami ne a makarantar koyon aikin injuna, kowa Ticha yake ce masa. Ya zo da sikeli, da agogo, da wani tsinke mai allura da ke faɗin zafin wuta, da littafi baƙi.

"Sarkin Maƙera," in ji Alhaji, "rai a hannun Allah yake. Ka bar Ticha ya rubuta aikin nan, sunanka ya zauna. Ɗakin naka ne, ko ka yi aiki ko ba ka yi ba. Na rantse."

Da muka keɓe na ce, "Malam, ka manta Bazabarme?"

"Mutum ya je Makka ya rantse, ke kina kawo mini Bazabarme? Ni ma ina so a ce Ilu ya bar wani abu a duniya."

Ticha ba mugu ba ne, wannan ma a rubuta. Yana rusunawa ya ce mini Mma. Ranar da ya ga tsinke ya miƙe ya wuce kamu, ya cire tabarau ya goge, ya ce wa Malam, "Papa, wannan a littafi kaɗai na taɓa jin labarinsa." Ya auna haɗi, ya auna wuta, ya auna nauyin kowane dutse da daɗewar zagayen carbi. Ya riƙa zana layuka masu hawa da sauka kamar hanyar tururuwa. Ya ce da waɗannan layukan, tun kafin a hura wuta mutum zai san iya inda ƙarfen zai miƙe da inda zai yage. Na leƙa na ce a raina, ashe igiyata ce aka kwantar a takarda.

Ranar farko da na ɗauki falle daga wutar farko na nufi bayan shinge, ya miƙe da littafinsa zai biyo ni. Alhaji ya riƙo rigarsa.

"Ina za ka, Ticha? Can wajen mata ne. Wanki kawai yake yi."

Ticha ya dubi Malam. Malam ya dubi ƙasa ya ce, "Toka take wankewa in ya huce."

Ticha ya rubuta cewa a bar shi ya huce. Ni kuma ba na dawo da fallen sai zazzaɓinsa ya sauka, ya koma sanyi kamar kowane ƙarfe. Wata biyu cur, duk abin da namiji ya taɓa a wurin nan an auna shi. Bokitina ko kallo bai samu ba.

Littafi ya cika ana tsakiyar damina. Kwana uku bayan haka, da hantsi, Alhaji ya zo ƙofarmu da ma'aikata biyu da wani saurayin maƙeri riƙe da akwatinsa.

"Maƙeri, tarin nan mata suna tsoro, akwai yara a gida. Ka nemi wuri ka huta."

"Alhaji, rantsuwar fa?"

"Ka ci tuwona shekara huɗu. Kada ka yi mini butulci a gaban mutane."

Duk filin ya daina aiki ana kallo. Maganar tana nan a kan harshena, na ji nauyinta kamar dutse. In ce: Alhaji, littafinka ba shi da gindi, abin a hannuna yake, ka fitar da mu ka ga yadda zai tsage. Da na faɗa, wataƙila da ya gwada, da ya mayar mana da tabarma. Amma ga Malam tsaye da jar dararsa a gaban maza goma, in tona cewa matarsa ce ke ƙirar? Wannan ita ce hujjar da na daɗe ina ba mutane. Tsufa ya hana ni ƙarya, akwai ta biyu. Ina so in ga ƙarfen Alhaji ya tsage. Ina so ƙwarai.

Malam ya ce, "Asabe, ɗauki tabarma."

Na ɗauki tabarma da tukunya da igiyata da ɗan kwanon nan na farko. Malam ya kai hannu kan awartaki, Alhaji ya take shi da ƙafa. Mazuban yumɓu ma ya ce a gidansa aka ƙera su.

Duk zangon nan na Musulmi 'yan'uwanmu, ba wanda ya buɗe ƙofa, kowa na jin tsoron tarin ko yana jin kunyar Alhaji. Anti Dede ce ta ture buhunan masara gefe ta ce, "Ku shiga. Ba kyau, amma ku shiga." Rumfa ce ta buhu da langa-langa, hayaƙi da rana, laima kullum. Ran da aka yi ruwa mai yawa kwata ta cika ta shigo har ƙarƙashin tabarma, muka ɗora Malam a kan benci muna riƙe da shi ni da ita, ruwan ƙazanta yana wuce ƙafafunmu. Ta cire zanenta na zuwa coci ta lulluɓe shi.

Ran na shida da fitarmu, da rana tsaka, Malam ya kira ni.

"Asabe, ruwan ne, ko?"

"Wane ruwa, Malam? Haɗinka ne."

"Bar wannan. Na daɗe da sani. Na taɓa gwadawa ba wankinki ranar da kika je kasuwa, ya tsage." Ya yi tari ya huta. "Da kin faɗa wa Alhaji. Da yanzu muna ɗaki."

Ka ji. Mutuncin da na ce ina karewa, mai shi ya riga ya ajiye shi.

"Je ki faɗa masa," ya ce. "Sanyi nake ji."

Na ce to. Daga rumfar zuwa ƙofar Alhaji bai kai taku hamsin ba. Na ɗaura kallabi, na fita, na tsaya a jikin shinge ina jin ana hura wuta a kusurwarmu. Sai na ce a raina, in na shiga yau, roƙo na zo. Bari nasa ya tsage tukuna, kwana biyu ko uku, ya zo da ƙafarsa, sannan ni zan faɗi sharaɗi. Na koma na ce wa Malam Alhaji ya yi tafiya. Washegari ma na ce bai dawo ba.

Ran na tara Malam ya cika. Alhaji ya aiko da likkafani, kuma an ce mini a sahun gaba ya tsaya.

Ƙarfen ya tsage kuwa, kamar yadda na so. Ina takaba labari na zuwa mini ta kan shinge. An bi littafi layi-layi, falle ya ƙi sauka, in an ƙara dutse ya dare. An ƙone gawayi buhu-buhu. Fataken da suka ba da aikin murafe suna ta sintiri. Alhaji ya ce Ilu ne ya ɗaure wutar kafin ya mutu, ya yanka rago, ya sa aka yi rubutu aka yayyafa a murhu. Ban ji daɗin da na zaci zan ji ba, amma ban fasa sauraro ba.

Na fita takaba na koma taya Anti Dede sayar da dokunu a Kasuwar Malam Atta. Can suka same ni wata Asabar, kasuwa ta cika, Alhaji a gaba Ticha a baya rungume da littafinsa.

"Matan Ilu, ya haƙuri?"

"Da godiya. Dokunu nawa za a ba ka?"

Matan da ke kusa suka yi dariya. Alhaji ya ce, "Mijinka ya ɓoye wani abu. Ko laya ne, ko addu'a, ka ba ni. Ɗakin yana nan, in ka so yau ka koma."

"Mijina bai ɓoye maka komai ba, Alhaji. Duk abin da hannunsa ke yi ya ba ka. Abin da ya rage nawa ne."

Sai Ticha ya matso. Ya rame, idonsa ya faɗa. Ya buɗe littafin a wani shafi ya ce a hankali, "Mma, na bi aikin nan sau da yawa. Wuri ɗaya ne kawai ban gani da idona ba. Me kike yi a bayan shinge?"

Shekara huɗu da rabi a Gana, shi ne namiji na farko da ya tambaye ni abin da nake yi.

Na ce, "Zan faɗa. Amma Alhaji ya fara cewa, nan a gaban matan nan: Asabe, koya mini ƙira. Sunana ke nan, in bai sani ba."

Anti Dede ta ajiye wuƙa ta riƙe ƙugu. "Alhaji, faɗi mana. Ba ya ciwo."

Alhaji ya dubi matan, masu kifi, masu tumatur, masu ɗaukar kaya, duk an zuba masa ido. Sai ya tofar da yawu gefe.

"Mace ya koya mini ƙira? Ticha, mu tafi. Na gaya maka wanki ne. Me mace zai yi a bayan shinge in ba wanki ba?"

Ticha bai motsa ba. "Mma, don Allah."

Na dube shi. Na san ba shi da laifi. Na kuma san duk abin da ya shiga littafin nan, a hannun Alhaji zai kwana. Na ce, "Ka ji abin da Alhaji ya ce. Wanki ne."

Ya rufe littafin. Ya sayi dokunu biyu, bai karɓa ba, ya tafi.

Filin Alhaji ya koma zuba tukwane kamar da. Ni kuma ban sake hura wutar ƙira ba, don ba maƙerar da za ta ba mace wuri, awartakin ma babu. Shekara goma sha shida na ƙara a Mamobi ina naɗe dokunu, har na rufe idon Anti Dede da hannuna, sannan na dawo gida. Ba wanda ya sake tambayata. Igiyar ta ruɓe tuntuni. Yau na faɗa, da ba sauran wanda zai ji sanyi ko ya ji kunya.

Ɗan kwanon nan na farko kuwa ga shi can a bango. Tun a rumfar Anti Dede na huda shi da ƙusa na rataya, ina ajiye makullai da tsohon kwaɗo a ciki, ramin ƙusar ɗan zagaye kamar ƙwayar gero. Tashi ka duba. Ba wuta, ba mai jan sa, amma ramin ya yi tsawo ya koma kamar ƙwayar shinkafa. Har yanzu miƙewa yake yi. Kowace safiya nakan dube shi, sannan in tuna taku hamsin.